Allurar Shanu: Da Me A Ke Yin Ta?

Mai gida, watakila ka taɓa ganin malamin dabbobi ya buɗe 'yar kwalba, ka ce, ko mene ne a ciki? To, saurara.

A 1924 aka kafa gidan binciken cutar dabbobi a Vom, kusa da Jos, saboda bushiya, wadda ta kan share garke ɗungum. Da fari ruwan jinin shanun da suka yi cutar suka warke a ke tacewa, a yi wa masu lafiya allura da shi. Daga baya aka koma sa wa akuya cutar har ƙarfinta ya ragu, sa'an nan a ɗauki saifar akuyar a niƙe, a busar. Can kuma wani likita, Plowright, ya raini ƙwayar cutar a tsokar ƙodar maraƙi cikin kwalba a ƙasar Kenya. A 1962 aka soma babban gangamin allura a Nijeriya, da Nijar, da Kamaru, da Cadi, kowace saniya aka yi wa sai a huda mata kunne. Aka yi sakaci, ta komo a 1983, ta yi ɓarna ƙwarai. A 2011 aka tabbatar babu sauran bushiya a duniya.

Ciwon huhu kuwa yana nan. Ka san da rani shanun baƙi su kan sauko Kadawa kiwon tattakar shinkafa, su cuɗu da naka a bakin magudanar ruwa daga Kura har Bunkure. Numfashin guda ɗaya ya isa ya shafa wa saura.

Makiyayan da su kan yanki huhun saniyar da ta mutu, su tsaga hancin mai lafiya su cusa. Dabara ce, ban raina ta ba, amma kada ka yi. Ba wanda ya auna ƙarfin wannan nama. Fuska ta kan kumbura, wata saniyar ma ta mutu. Ni ma'aikacin disfensare ne, hannunka na ke ji wa tsoro: in ciwon saifa ne ya kashe ta, mai fiɗa ma ya kan kamu.

Kai shanunka allurar huhu kowace shekara. Duba da idonka, kwalbar daga cikin ƙanƙara a ke fito da ita. In an dama ta daɗe a rana, ta mutu, kada ka yarda a yi wa dabbarka.