HAYANIYA DA DOKA: ABIN DA YA KAMATA MUTANEN KUYELLO SU SANI

Tun daga watan Nuwamba na 2024, lokacin da Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da 'yan bindigar dajin Birnin Gwari, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu ta garin, harkoki sun fara komawa yadda suke a ƙauyukan masarautar, har da Kuyello da ke gabashinta. To, amma duk inda kasuwa ta ci, sai hayaniya ta biyo baya: ga lasifikar masu tallar magani, ga injin niƙa, ga janareto, ga kuma babura. Saboda haka ya kyautu jama'a su san matsayin doka kan wannan al'amari.

Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta ɗauki ta da hankalin jama'a a bainar mutane a matsayin laifi, a sashe na 113. Haka kuma ta hana duk wani aikin da zai cuci ko ya dami mutanen unguwa baki ɗaya. A 2017 Jihar Kaduna ta yi tata sabuwar dokar a madadin waccan, amma laifin bai gushe ba. Watau dai wanda ya hana maƙwabta barci ba zai fake da cewa a gidansa yake ba.

Bayan wannan, akwai ƙa'idojin Gwamnatin Tarayya na 2009, waɗanda hukumar kula da muhalli ta NESREA ke aiwatarwa. Su ne suka ƙayyade ƙarfin ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. A unguwar da gidajen kwana ne kawai, iyakar ita ce 50 da rana, 35 da dare, kuma dare yana farawa ne daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. Hirar mutum biyu ma takan kai wajen 60, don haka mai karatu zai gane irin shirun da ake nufi. Masana lafiya kuwa sun tabbatar cewa daɗewa cikin ƙarar da ta wuce 85, kamar yadda mai injin niƙa ke yi kullum, tana rage ji sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne batun lasifikar wa'azi. Tun 1984, bayan rikicin Maitatsine, gwamnatin soja ta jihar ta kafa dokar tsara wa'azi. Da gwamnan wancan lokaci, Nasiru El-Rufa'i, ya kai ƙudurin sabunta ta gaban Majalisar Dokoki, malamai da limaman kirista da dama sun nuna rashin yarda. Majalisar ta zartar da shi a watan Yuni na 2019, a watan ne kuma Babbar Kotun Jihar ta yanke hukunci cewa tilasta wa masu wa'azi karɓar lasisi ya saɓa wa Tsarin Mulki. Wannan ya nuna cewa hana ƙara abu ne daban, hana faɗar albarkacin baki kuma daban.

A wuri irin Kuyello, batun ya wuce na barci kaɗai. Mutanen da suka shekara da shekaru suna kasa kunne cikin dare, harbin bindiga a wurin biki ko wasan babura bayan isha'i na iya sa su watse a guje, mata da yara su ji rauni a banza. Bugu da ƙari, ƙarar da ba ta da dalili tana iya rufe kururuwar mai neman taimako na gaskiya.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce wadda aka gada: a fara yi wa mai abin magana cikin mutunci, in ya ƙi a kai ga mai unguwa, sannan dagaci da hakimi, kafin a dangana da 'yan sanda da kotu. Ma'aikatan ƙaramar hukuma da ɗalibai su ne ya kamata su bayyana wa jama'a waɗannan dokoki, domin zaman lafiyar da aka samu da ƙyar bai kamata ya lalace a kan lasifika ba.