Shaidar da Huhu Ke Bayarwa

A maƙogwaron ɗan Adam Allah ya ajiye ƙofofi biyu maƙwabtan juna, ta gaba tana kaiwa ga huhu, ta baya kuwa tana gangarawa tumbi. Saboda haka idan ciwo ya tsananta har numfashi ya gagari majiyyaci, likita ya zura masa bututu domin na'ura ta riƙa hura masa iska, babu abin da ya wajaba a tabbatar tun da fari illa ƙofar da bututun nan ya bi, gama in ya kauce ya faɗa hanyar abinci, ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska sai na 'yan mintoci ƙalilan.

A da, ido da kunne ake dogara gare su: a ga ƙirji yana ɗagawa, a ga tururi ya kwanta cikin bututu, a kara abin sauraro a haƙarƙari a ji shigar iska. Amma fa duk waɗannan zato suke bayarwa, ba yaƙini ba, domin iskar da ta cika tumbi ita ma takan motsa ƙirji, kunne kuma ya ji abin da zuciya ke fata. Shaida adali guda ce, wato iskar kabon da huhu ke fitarwa, wadda wata na'ura ke aunawa tana zana hawanta da saukarta a allo. Ko ita ma ba a karɓar maganarta da numfashi ɗaya, tun da wanda ya sha lemon kwalba tumbinsa kan saki kabon na ɗan lokaci. Ƙa'idar da masana suka fitar a 2022 ta sharɗanta numfashi bakwai a jere, zanen bai raunana ba.

Babban binciken da aka wallafa a Birtaniya a 2011 ya nuna cewa rashin amfani da na'urar nan yana da hannu a galibin mace-macen da matsalar hanyar iska ta jawo a ɗakunan kulawa ta musamman. Kuma in zanen bai fito ba, kada a fake da cewa zuciya ce ta tsaya: muddin ana danna ƙirji, zanen yakan ƙanƙance ne kawai, ba ya shafewa.

Saura batun zurfi. Bututun da ya zarce yakan bi reshen da ke kaiwa ga huhun dama, huhun hagu ya zauna babu iska. Shi ya sa ake duba lambar jikin bututun da ke daidai haƙora, kimanin santimita 21 ga mace, 23 ga namiji, a ɗauki hoton ƙirji, a kuma sake dubawa duk sa'ad da aka juya majiyyaci.