Gidan bakin tafkin Como da mai shi ya bar wa jama'a

Idan ka kalli Casino Royale, fim ɗin James Bond na 2006, to ka riga ka ga Villa del Balbianello ba ka sani ba. Gidan yana kan wani tudu da ya kutsa cikin tafkin Como a arewacin Italiya, kuma wani babban limamin Katolika, Kadinal Durini, ya gina shi a 1787.

Daga ƙauyen Lenno za ka shiga jirgin ruwa, ko ka taka a ƙafa ta cikin kurmi. Kana isa, kar ka yi saurin ɗaga waya fa. Tsaya tukuna ka dubi ƙaton itacen nan da aka yi wa aski kamar laima. Da hannu masu lambu ke hawa suna datse shi.

Mai gidan na ƙarshe, Guido Monzino, shi ya jagoranci tawagar Italiya ta farko da ta hau dutsen Everest a 1973. Da ya rasu a 1988, sai gidan da lambun suka koma hannun FAI, gidauniyar adana wuraren tarihi, bisa wasiyyarsa. Da wani attajiri ya saye ya rufe ƙofa, kai da ni sai dai leƙe daga ruwa. Kuɗin tikitinka kuwa yana cikin abin da ke riƙe wurin har yau.