Matasan Zamfara da Tarukan Masu Gina Shafukan Intanet: Me Ke Kai Su, Me Suke Dawowa da Shi?

A watannin ƙarshen kowace shekara ƙungiyoyin sa-kai da ake kira Google Developer Groups kan shirya taron DevFest a birane da dama na duniya, ciki har da Legas da Kano da Kaduna. Taro ne na masu rubuta manhaja da gina shafukan intanet, kuma yawanci ana shiga kyauta ko da kuɗi kaɗan. A 'yan shekarun nan fuskokin da ke cika irin waɗannan zauruka a Arewa sun fara sauyawa. Ban da 'yan gari, ana ganin samari da 'yan mata daga Gusau da Tsafe da Bunguɗu, waɗanda da yawansu karon farko ke nan da suka zauna ɗaki ɗaya da wanda ke cin abinci da wannan sana'a.

Abin da ke tura su

Dalili na farko shi ne makarantu. Kafin a kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, mai son digiri a kimiyyar kwamfuta sai ya nufi Sakkwato ko Zariya ko Kano. Yanzu jami'ar, tare da kwalejojin kimiyya da fasaha na Ƙaura Namoda da Talata Mafara, tana yaye ɗaliban da suka karanta darasin a aji amma ba su taɓa ɗora shafi ɗaya a intanet ba. Wannan giɓin ne ke sa su neman inda ake yin abin a aikace.

Na biyu, rayuwar yau da kullum ta koma waya. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, rajistar makaranta da neman aiki galibi ta intanet ake yi. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa mai shago da mai sayar da hatsi karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS. Yaron da ke cike wa mutane fom a shagon kwamfuta a Bunguɗu dole wata rana ya tambayi kansa: wa ya gina wannan shafin, kuma nawa aka biya shi?

Na uku, gwamnati ta shigo. An sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a Oktoban 2022, sannan a 2023 ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT mai burin horar da mutum miliyan 3. Shirin ya haɗa ɗalibai rukuni-rukuni a jihohi, kuma a cikin waɗannan rukunonin ne sanarwar taruka ke yawo. Kafin nan cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna da Startup Kano, waɗanda aka kafa a 2016, sun riga sun nuna cewa ba sai a Legas ake wannan harka ba.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba. Rashin tsaro ya rage noma da fatauci a ƙauyuka da yawa, aikin gwamnati kuma ba ya isa. Sana'ar da za a yi daga cikin ɗaki, ba tare da bin hanyar daji ba, dole ta ja hankalin matashi da iyayensa.

Abin da zuwan farko ke haifarwa

Babu wanda ke koyon harshen rubuta manhaja irin JavaScript a wuni ɗaya. Lacca kan ɗauki ƙasa da awa guda, da Turanci, kuma sau da yawa ta fi ƙarfin sabon shiga. Ribar gaskiya tana wajen zaure, lokacin sallah da cin abinci. A nan ne mai koyo ke nuna wa wani gwani shafin da ya kwana uku yana ƙin buɗewa, a gano masa matsalar cikin minti biyar. A nan ne yake jin nawa ake cajin makaranta mai zaman kanta a gina mata shafi, da yadda ake karɓar rabin kuɗi kafin a fara aiki, da dalilin da ya sa masu ɗaukar aiki ke duba ayyukan da mutum ya ajiye a shafin GitHub kafin su dubi takardar shaidarsa. Littafi ba ya koyar da waɗannan.

Tasiri na biyu na zuciya ne. Wanda ya saba koyo shi kaɗai a YouTube yakan ɗauka shi ne kawai ba ya ganewa. Da ya ji ƙwararre ya ce shi ma kullum sai ya bincika abin da ya manta, sai nauyin ya sauka. Ga 'yan mata kuwa, ganin mace Bahaushiya da hijabinta tana gabatar da darasi hujja ce da za a kai gida a nuna wa baba.

Sai dai tasirin yana da wata fuskar. Wasu kan dawo da riga mai tambari da hotuna, zafin ya huce cikin mako biyu. Wasu kuma, waɗanda suka fi hazaƙa, taron ne ke buɗe musu ƙofar barin gida: su sami aiki a Abuja ko Legas, garinsu ya rasa wanda zai koyar da na baya. Haka nan zuwan ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT tun ƙarshen 2022 ya rage darajar ƙaramin shafi mai sauƙi, wanda shi ne aikin farko na yawancin masu koyo.

Cikas ɗin da ya keɓanta da Zamfara

Ɗan Kano mota ɗaya zai hau ya isa taro. Ɗan Bunguɗu sai ya shiga Gusau, ya bi ta Tsafe zuwa Funtuwa, hanyar da matafiya ke gudun bi da dare, don haka tafiyar wuni ɗaya ta zama ta kwana biyu da kuɗin masauki. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

Tsoron iyaye ma yana da tushe. A Satumban 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata na Jami'ar Gusau daga masaukinsu a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Shekara biyu kafin nan, a Satumban 2021, an katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda farmakin sojoji kan 'yan bindiga. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran yankuna sai kusan ƙarshen Nuwamba. Wanda ke yi wa wani kamfani aiki daga nesa ba zai iya ɓacewa na makonni ya dawo ya tarar da aikinsa ba.

Awo a kan sikeli

Idan aka haɗa ribar da asarar, zuwa taro yana da amfani, amma amfanin ba ya tabbata sai an samu abin da zai biyo baya. Abu uku ne ke yanke hukunci. Na farko, zama na mako-mako a gida: mutum goma a ajin makaranta mai sola a Bunguɗu ko Tsafe, wanda ya je taro ya maimaita abin da ya ji da Hausa. Na biyu, kasuwa: makarantun Islamiyya da asibitoci masu zaman kansu da dillalan hatsi da ƙananan hukumomi suna buƙatar tsarin ajiye bayanai da karɓar kuɗi, kuma in aka ba 'yan gida aikin, dalilin ƙaura ya ragu. Na uku, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta jihar, ZITDA, da jami'a su riƙa ba da zaure da wuta da intanet ga ƙananan taruka akai-akai, maimakon biki ɗaya mai tsada a shekara.

Ba yawan waɗanda suka yi rajista ne zai nuna ko wannan yunƙuri ya yi nasara ba. Abin dubawa shi ne mutum nawa cikinsu, bayan wata shida, suka gina wani abu da wani ya biya kuɗi ya yi amfani da shi, kuma nawa ne suka koya wa wani.