Motar Tumatir Da Gambarar Zamani: Yadda Waƙa Ke Ratsa Kadawa

Duk wanda ya san Kura, Garun Malam da Bunkure a tsakanin Janairu da Maris ya san lokacin da gari ke cika. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana bin magudanai zuwa gonakin Kadawa, tumatir ya nuna, manyan motoci sun yi layi a Kwanar Gafan ana loda kwanduna zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas. 'Yan cin rani sun sauko daga Katsina da Jigawa, wasu tun daga Maraɗi da Damagaram. Kusan kowannensu da waya a aljihu, a cikin wayar kuma akwai mamori shaƙe da waƙoƙi.

Da yawanmu da muka taso a wannan yanki ta nan muka fara jin gambarar zamani, wato hip hop. A rumfar mai cajin waya ake haɗuwa. Yaron motar da ya dawo daga Legas ya zo da Olamide, ɗalibin da ya zo hutu daga Zariya ya zo da DJ AB, ɗan cin rani ya zo da wata waƙar da ake cewa lakwal a maimakon makaranta, jandarma a maimakon ɗan sanda. Kafin magariba an tura wa juna ta Xender, kowa ya tafi da kayan ɗan'uwansa.

Asalin wannan salo unguwar Bronx ce a birnin New York na Amurka, inda ake danganta farkonsa da wani shagali da DJ Kool Herc ya yi wa kiɗa a 1973. Amma kafin ya iso kunnenmu ya yada zango a wurare da dama, kuma kowane zango ya bar masa tabo. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu kama shi da gaske. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, Wass Wong da Kaidan Gaskia suke rerawa a Yamai da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, suna taɓo rashin aikin yi da halin masu mulki. Samarin can a fada suke sauraro, irin zaman shayin da mu muke kira majalisa.

A Kano kuwa abin bai zo da sauƙi ba. Nazir Ahmed Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, yana cikin waɗanda suka fara nuna cewa Hausa za ta iya gudu a kan wannan kiɗa ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Shi da abokansa sun ɗauki "Arab Money" ta Busta Rhymes suka juya ta zuwa "Government Money", suka mai da waƙar taƙama da dukiya ta zama habaici ga masu wawure kuɗin gwamnati. Lokacin kuwa Hukumar Tace Finafinai ta jihar tana tsananta wa masu fim da mawaƙa, kuma a 2009 waƙarsa "Girgiza Kai" ta shiga cikin waƙoƙi 11 da aka haramta. A ganinmu wannan takura na cikin dalilan da suka sa, duk da yawan situdiyon da ke Titin Gidan Zoo, manyan sunayen da suka biyo baya daga wasu garuruwa suka fito: ClassiQ da B.O.C Madaki daga Bauchi, Morell daga Borno, DJ AB da 'yan Yaran North Side daga Kaduna. Kano ta riƙe nanaye, gambara ta yi ƙaura.

Misalin da ya fi taɓa mu shi ne na Jos. A 2012 Ice Prince, wanda ya fito daga kamfanin Chocolate City tare da M.I, ya saki waƙar "Aboki". Tambayi duk wanda ya taɓa raka kwandunan tumatir zuwa Mile 12 yadda ake furta wannan kalma a can. Sau da yawa ba abota ake nufi ba, ana nufin ɗan Arewa baƙauye wanda bai san komai ba. Waƙar ta ɗauki kalmar ta sa mata babbar riga, ta haɗa ta da arziki da isa. Da aka sake ta, sai ga Sarkodie daga Gana, Khuli Chana daga Afirka ta Kudu da Wizkid daga Legas duk a ciki. Waƙar ba ta hana kowa raina ɗan dako a kasuwa ba, kuma akwai masu ganin attajirai kawai ta wanke ta bar talaka. Duk da haka, yaron motar da aka yini ana kira da wannan suna ya ji shi yana tashi daga lasifika a tsakiyar Legas ana rawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Gana ma tana da hannu. Ƙungiyar VIP daga unguwar Nima a Ankara, inda Hausa ce harshen zango, ta daɗe tana cusa Hausa a cikin salon hiplife. Mr Eazi, ɗan Najeriya da ya yi karatu a Kumasi ya kuma ɗauko salonsa a can, ya yi "Supa Supa" tare da DJ AB. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta ƙara ɗinke abin da shirye-shiryen Nomiis Gee, inda yaron Bunkure da na Maraɗi ke kallon mawaƙi ɗaya ta tauraron ɗan'adam. Yanzu kuma gangar amapiano ta taso daga Afirka ta Kudu, ta bi ta Legas, ta shigo har wuraren bikinmu.

To mu me muke aikawa? A nan gizo ke saƙar. Muna da samari masu baiwa da ke ɗaukar murya a waya bayan an tashi daga gona, amma idan ka saurara sai ka ji ana lanƙwasa harshe irin na Kaduna, ana lissafa motocin da ba a taɓa hawa ba. Iyaye su ji ashar da zancen ƙwaya su ce abin duk shiririta ne, kuma ba kullum suke kuskure ba. Mai tura waƙa ya karɓi kuɗinsa, mawaƙi ko sisi. Aro ba laifi ba ne, kowa a wannan labarin aro ya yi. Bambancin shi ne Yamai, Jos da Nima kowa ya zuba wa kiɗan damuwar garinsa kafin ya miƙa shi gaba.

Kayan aikin kuwa muna da su tun kafin a haifi Kool Herc: kirari, zambo, habaici, gangar noma, da irin zugar da Ɗan Anace ya yi wa Shago. Abin faɗa ma ba a rasa ba. Akwai shekarar 2016 da tsutsar sharon ta cinye tumatir, har masana'antar Ɗangote ta Kadawa ta tsaya. Akwai shekarun da kaya ke yin kwantai a yanka a shanya a gefen titin Zariya. Akwai ciyawar kacala da ke toshe magudanai, da manomin da gonarsa ke can ƙarshen layi, wanda ke kwana a bakin ruwa da tocila yana jiran na sama su gama ban ruwa. Har yanzu ba mu ji wanda ya ɗora wannan mutumin a kan kiɗa ba.