Auna Ƙarfi da Raunin Wasan Kwaikwayon Zane: Misali Daga Kotoura-san

7.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da ake son mai nazarin adabi ya ƙware a kai akwai auna aiki, wato ya iya nuna inda aikin ya yi ƙarfi da inda ya yi rauni, tare da kawo dalili. Faɗin cewa wasa ya yi daɗi ko bai yi ba, ba nazari ba ne. A wannan babi za a gwada ma'aunan da aka saba amfani da su wajen nazarin wasan kwaikwayo, kamar jigo da zubi da tsari da taurari, a kan wani wasa na ƙasar Japan mai suna Kotoura-san. An zaɓe shi ne domin ya haɗa ban dariya da ban tausayi wuri guda, kuma ƙarfinsa da rauninsa duk a fili suke.

7.1 Asalin Wasan

Anime suna ne da ake kiran wasannin zane masu motsi na ƙasar Japan, manga kuwa shi ne labarin zane da ake bugawa a takarda ko a intanet. Kotoura-san ya fara ne a matsayin manga, wanda wani mai zane da ke amfani da sunan Enokids ya soma fitarwa a intanet a shekarar 2010. A shekarar 2013 kamfanin AIC Classic ya mayar da shi anime mai kashi 12, aka nuna shi a talabijin daga watan Janairu zuwa Maris. Masahiko Ohta ne ya ba da umarni, Takashi Aoshima kuma ya tsara labarin. Mutanen nan biyu an san su da wasannin barkwanci, irin su Minami-ke (2007) da YuruYuri (2011).

Wani abin lura shi ne, mangar da aka ɗauko wasan daga gare ta irin wadda ake kira yonkoma ce, wato labari mai gida huɗu. Kowane ɗan labari yakan fara a gida na ɗaya ya ƙare a na huɗu, galibi da abin dariya. Wannan asali ya bar tasiri a zubin wasan, kamar yadda za a gani nan gaba.

7.2 Taƙaitaccen Labari

Haruka Kotoura yarinya ce da aka haifa da baiwar jin abin da mutane ke saƙawa a zuci. Tun tana ƙarama ba ta iya bambance abin da aka faɗa da baki da abin da aka ɓoye, saboda haka duk abin da ta ji sai ta furta. Da haka ta tona asirin ƙawayenta, suka guje ta suna kiranta dodo. Ta kuma fallasa cin amanar da iyayenta ke yi wa juna ba tare da ta san nauyin maganar ba. Aure ya mutu, uwa ta tafi ta bar ta a hannun kakanta, bayan ta faɗa mata cewa ta yi da-na-sanin haihuwarta.

Da ta koma wata sabuwar makarantar sakandare sai ta haɗu da Yoshihisa Manabe, yaro marar ɓoye-ɓoye, wanda bai ji tsoron baiwarta ba, ya kuma yi mata alkawarin ba zai guje ta ba. Daga nan ta shiga wata ƙungiyar ɗalibai mai binciken irin wannan baiwa, ƙarƙashin Yuriko Mifune da mataimakinta Daichi Muroto. Ita kuwa Hiyori Moritani, wadda ke son Manabe, sai kishi ya sa ta shiga musguna wa Haruka.

7.3 Jigo

Jin zancen zuci ƙirƙira ce ta adabi, kamar yadda ake sa dabbobi magana a tatsuniya domin a yi wa mutane hannunka-mai-sanda. Babban jigon wasan shi ne kaɗaici da neman karɓuwa. Tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce: idan mutum ya san duk abin da ke zuciyar jama'a, ko jama'a suka san ba za su iya ɓoye masa komai ba, shin zaman tare zai yiwu? Japanawa suna da kalmomi biyu da suka shafi wannan batu: honne, wato ainihin abin da ke ran mutum, da tatemae, wato fuskar da yake nuna wa jama'a don a zauna lafiya. Haruka ta rushe katangar da ke tsakanin biyun, shi ya sa aka tsane ta. Hausawa ma sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan jigo shi ne ma'aunin da za a ɗora kowane ɓangare na wasan a kai.

7.4 Ƙarfin Wasan

(a) Mabuɗi. Wajen minti goma na farkon kashi na ɗaya su ne suka fi jan hankalin masu kallo. A cikinsu aka nuna yarintar Haruka gaba ɗaya, daga gida mai cike da fara'a zuwa watsewarsa. Ba a cika surutu ba. Launukan zanen ne ke dusashewa sannu a hankali har duniyar yarinyar ta koma toka-toka, sai ranar da ta leƙa zuciyar Manabe ta tarar da wani shirmen tunani, sannan launi ya dawo. A nan an yi amfani da abin da zane ya fi iyawa, wato nuna halin zuciya ta hanyar launi.

(b) Dacewar taurari biyu. Manabe ba jarumi ba ne mai wayo ko kwarjini. Abin da ya bambanta shi shi ne zuciyarsa da bakinsa ɗaya ne. Yarinyar da ta saba jin baki na yabo zuciya na zagi, ba ta da maganin da ya wuce irin wannan aboki. Saboda haka raharsa ba ado ba ce kawai, tana da aiki a cikin jigo: ita ce ta fara koya wa Haruka cewa akwai zuciyar da za a leƙa ba a ji ciwo ba.

(c) Zurfin Mifune. Mahaifiyar Mifune mai irin wannan baiwa ce da jama'a suka ƙaryata, suka kira ta 'yar damfara, har ta kashe kanta. Mifune ta jawo Haruka ne da niyyar amfani da ita don wanke sunan mahaifiyarta. Haruka ta san haka tun farko, amma ta zauna. Wannan dangantaka ta nuna cewa son kai da ƙauna suna iya zama a zuciya guda, kuma sanin aibin aboki ba lallai ya kashe abota ba.

(d) Darajar furuci. A kashi na ƙarshe Haruka ta gane cewa ita tana jin zuciyar Manabe, amma shi ba ya jin tata, kuma ba ta taɓa faɗa masa da baki cewa tana son sa ba. Furta wannan magana shi ne ya rufe wasan. Darasin a nan shi ne, sanin abin da ke ran mutum bai ɗauke wa kowa nauyin buɗe baki ya yi magana ba.

7.5 Raunin Wasan

(a) Tsalle tsakanin kuka da dariya. Haɗa ban tausayi da ban dariya ba laifi ba ne, amma yana buƙatar gada. Sau da yawa wasan yakan yanke fitowa mai sosa rai da barkwanci kafin mai kallo ya gama haɗiye abin da ya gani. Wannan gado ne daga tsarin gida huɗu, inda ake son dariya a kai a kai. Abin da ya dace da shafin takarda bai cika dacewa da kashi mai minti ashirin da 'yan kai ba.

(b) Raha mai batsa. Yawancin barkwancin Manabe ya ta'allaka ne ga tunanin sha'awa da yake yi game da Haruka, ita kuma ta ji kunya ta tsawata masa. An maimaita wannan har ya gundura. Mafi muni shi ne kakanta, wanda aka ba shi irin wannan hali game da jikarsa. Mutumin da ya kamata ya zama mafakar yarinyar da iyaye suka yasar, sai aka mayar da shi abin ƙyama don neman dariya. Wannan ya saɓa wa jigon wasan kai tsaye.

(c) Gaggawar yafiya. Moritani ta sa ɗaliban makarantar karate ta gidansu sun yi wa Manabe dukan da ya kwantar da shi a asibiti, abin da ya sa Haruka ta gudu daga garin. Amma ba a daɗe ba ta nemi gafara, ta shiga ƙungiyar, ta koma abin zolaya. Haka ma mahaifiyar Haruka: raunin shekara da shekaru aka ɗinke shi cikin kashi guda a ƙarshe. Yafiya abu ne mai kyau, sai dai a wasan kwaikwayo dole mai kallo ya ga hanyar da aka bi aka kai gare ta.

(d) Kauce wa jigo. A kusa da ƙarshe wasan ya rikiɗe ya koma labarin binciken laifi, inda ake neman wanda ke kai wa 'yan mata ɗalibai hari. Daga baya ta bayyana cewa wata 'yar sanda ce mai suna Tsukino, wadda ke da hali biyu a jiki ɗaya sakamakon musgunawar da ta sha tana yarinya. An so a nuna ta a matsayin abin da Haruka za ta iya zama da ba ta sami abokai ba, kuma tunanin yana da kyau. Amma ba a yi masa shimfiɗa ba, sannan ya cinye lokacin da ya kamata a ba rikicin uwa da 'ya. Taura biyu ba ta taunuwa.

7.6 Kammalawa

Idan aka duba da kyau za a ga cewa ƙarfin Kotoura-san da rauninsa daga tushe ɗaya suka fito. Duk inda aka yi amfani da jin zancen zuci don a tona kaɗaici da amana, wasan ya tsaya da ƙafarsa. Duk inda aka mayar da baiwar hanyar batsa ko makamin kama ɓarawo, sai ya yi tangal-tangal. Wannan shi ne abin da manazarci zai riƙe: a tambayi kowace fitowa abin da ta ƙara wa jigo.

Akwai kuma abin da ya shafi aikin koyarwa. Malaman da Haruka ta fara haɗuwa da su ba su tsaya mata ba, sun ɗauke ta matsala ce da za a rabu da ita. Da wuya a rasa yaro a aji wanda 'yan uwansa suka ware saboda wani bambanci, kuma malami ne na farko da ya kamata ya lura. Sai dai saboda batsar da aka ambata, wasan bai dace da yaran firamare ba. Malamin da ke son amfani da shi ga manyan ɗalibai sai ya tace, ya ɗauki sassan da ke da amfani, musamman mabuɗin.

Tambayoyi

1. Mene ne babban jigon Kotoura-san? Kawo hujja biyu daga labarin.
2. Bayyana yadda tsarin gida huɗu ya yi tasiri a zubin wasan.
3. Kwatanta matsayin Manabe da na kakan Haruka ta fuskar hidimar da raharsu ta yi wa jigo.
4. Zaɓi wani wasan kwaikwayo na Hausa da ya haɗa ban dariya da ban tausayi, ka auna shi da ma'aunan da aka yi amfani da su a wannan babi.