Madarunfa: Albashin gwamnati ko wurin kai, zaɓin da ke gaban masu gashin ƙashi

Matashin da ya kammala karatun gashin ƙashi, wanda a Nijar aka fi sani da kine, idan ya dawo gida Madarunfa ba zai rasa majinyata ba. Akwai ɗan kabu-kabun da ya faɗi a hanyar Ɗan Isa, akwai manomin rani na Jiratawa da ciwon baya ya hana shi sunkuyo, ga kuma masu shanyewar ɓarin jiki. Abin da zai rasa shi ne tabbacin wanda zai biya shi.

Idan ya nemi aikin gwamnati, a asibitin gundumar ko a manyan asibitocin Maraɗi, sau da yawa sai ya bi ta hidimar ƙasa ko kwantiragi kafin a ba shi lambar ma'aikaci. Kuɗin ba su da yawa, kuma ana iya tura shi jihar da bai taɓa takawa ba. Sai dai kayan aiki ba na aljihunsa ba ne, likitoci ne ke turo masa majinyata, fansho kuma na jiransa.

Buɗe wurin kai ya fi daɗin faɗa. Sai da izinin ma'aikatar kiwon lafiya, sannan haya, gadon gashi, na'urori, da wutar Nigelec wadda ba a rantsuwa da ita a lokacin zafi. Gashi kuwa ba allura ba ce da ake yi sau ɗaya a tafi. Majinyaci zai yi ta zuwa makonni, alhali kuɗin manomi sai kaka. Da ya ji sauƙi kaɗan sai ya ɗauke ƙafa.

Lissafin ya ƙara tsauri tun watan Satumbar 2024, lokacin da gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta. Faɗuwar naira ma ta rage ƙarfin masu tsallakowa daga Jibiya.

Babban abokin gogayyarsa ma ba asibiti ba ne, mai ɗori ne. Shi gadon sana'ar ya yi, gari ya san kakansa, kuma yakan karɓi abin da ya sawwaƙa. Galibi sai ƙashi ya haɗe a karkace ko gaɓa ta sandare ake tuna kine.

Shi ya sa wasu ke riƙe aikin asibiti da safe, bayan la'asar su hau babur su bi majinyata gida-gida, suna tara kuɗin gadon farko.